Baƙon da ke Shigowa da Iri: Kiwon Murjani a Gilashi da Tafkunan Kifinmu

Laccar da aka gabatar a Fadan Kagoma, gaban masu kiwon kifi, manoma da ɗalibai

 

Na san akwai waɗanda suka ji abin da zan yi magana a kai suka yi murmushi. Daga nan zuwa bakin teku ya haura kilomita 500, kuma ko a zamanin da jirgin ƙasa ke tashi daga Kafanchan zuwa Fatakwal ba fashi, doguwar tafiya ce. Ruwan da muka sani shi ne na rafi, na rijiya, da wanda ke zubowa a Matsirga. To me ya haɗa mutumin Kagoma da masu ajiye ruwan gishiri a falo suna kiwon murjani a cikin gilashi?

Abin da ya haɗa mu shi ne ruwan da aka tsare. Ko tankin gilashi ne a Barlin, ko tankin siminti ne a bayan gidanka, ba abin da ke shiga cikinsa sai abin da mai shi ya ɗauko da hannunsa ya zuba. Masu murjani sun riga mu gane haka saboda dabbarsu ba ta yafe sakaci. Tarwada kuwa haƙuri gare ta. Ka ɓata mata ruwa, ta ɗago kai ta shaƙi iska ta koma. Haƙurin nan nata shi ya sangarta mu, har muka ɗauka kiwon kifi bai wuce zuba abinci da jiran ranar sayarwa ba.

Murjani dai iyayenmu mata sun san shi a wuyan amarya, ko da yake yawancin na kasuwa yau gilashi ne ko roba. Na ainihin, jan nan, daga Bahar Rum ake ciro shi, fatake suka riƙa ratso Sahara da shi zuwa Kano, kuma shi ne ke jikin kayan sarautar Oba na Benin. Abin da ake hudawa a zura a zare ƙashin wata dabba ne. Danginta na tekuna masu ɗumi su ne abin maganarmu yau. Kowane reshe taron ƙananan halittu ne, kowacce baki ne kawai da 'yan hannuwa kewaye da shi, zaune cikin ƙoƙon dutsen da ta gina da sinadarin kalsiyam da take tsotsa daga ruwa. A cikin namanta akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke haɗa abinci da hasken rana ta ba mai masaukinta kaso mafi tsoka, kuma ita ke ba shi yawancin launinsa. In zafin ruwa ya ɗara wanda aka saba da shi da digiri ɗaya kacal, ya yi makonni a haka, sai murjanin ya kori gansakukar, ya yi fari fat, yunwa ta kama shi. Haka ta faru a tekunan duniya a 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017, kuma a watan Afrilun 2024 hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta sanar da karo na huɗu.

Kurmin murjani bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku a jikinsa suke rayuwa. Mafi girma yana gabar Ostireliya, tsawonsa kilomita 2,300. Akwai shi a Bahar Maliya, gefen Jidda da Fot Sudan. Mu a gabar Najeriya ba mu da irinsa, domin kogin Neja na kwararo laka da ruwan daɗi cikin tekun, shi kuwa murjani sai ruwa garau mai cikakken gishiri.

Wadda ta fara nuna ana iya riƙe shi a gida wata Baturiyar Ingila ce, Anna Thynne, da ta ɗauko wasu daga bakin teku zuwa Landan a 1846. Ba injin ba lantarki. Kullum sai a yi ta juya ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan a bakin taga don ya sha iska, kuma suka rayu shekaru. A 1853 gidan namun dajin Landan ya buɗe ɗakin kifaye na farko da jama'a ke shiga kallo. Amma murjani mai reshe, wanda ake kira akrofora, sai a shekarun 1980 masu sha'awa a Barlin suka iya sa shi ya yi girma a tanki. Shekara sama da ɗari ke nan ana gwadawa ana asara.

Ga abin da tankin yake nema. Kowace litar ruwa gram 35 na gishiri, wato tanki mai lita 200 zai ci kilo 7. Kuma ba gishirin miya ba, wani haɗi ne na musamman mai kalsiyam da maganiziyam da sauran sinadaran teku, daga waje ake kawo shi. Ruwan rijiya ko na bohol bai shiga sai an tace shi da irin matatar da masu fiya wata ke amfani da ita. Zafi ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27, dare da rana. Fitila mai ƙarfi ta tsaya a madadin rana, famfuna su yi ta kaɗa ruwan a madadin igiya. In ruwa ya ragu saboda tururi, ruwan daɗi ake ƙarawa, don gishiri ba ya tashi sama. Wanda ya ƙara ruwan gishiri zai wayi gari tankinsa ya zama kanwa. Kowane mako ko biyu a zubar da kashi 10 cikin 100 a sa sabo.

Yanzu ku auna wannan da garinmu. A watan Maris da Afrilu ɗaki mai rufin kwano yana haura digiri 30, lokacin hunturu kuma da asuba sai mutum ya nemi bargo. Wuta kuwa kun fi ni sanin halinta. Tankin murjani in famfo ya tsaya na 'yan sa'o'i iskar ruwan na ƙarewa, kifaye su fara zubewa, ruɓarsu ta kashe sauran. Saboda haka in wani matashi a nan ya zo neman shawarata, zan ce masa kada ya fara sai yana da sola da inbata da batiran da za su riƙe famfo da na'urar sanyaya ruwa har gari ya waye, kuma kuɗin na nishaɗi ne da ba zai yi kukan su ba. Ba don in tura ku sayen tankin na zo ba. Iliminsu nake so mu ɗauka kyauta, tunda su sun riga sun biya.

Tun da ƙasashe suka fara tsaurara fitar da murjani daga teku, har Indonesiya ta dakatar da fitarwa daga 2018 zuwa farkon 2020, yawancin abin da ke yawo a tsakanin masu kiwo ɓalli ne. Mutum ya karya reshe kamar tsawon gaɓar yatsa, ya manna a kan ɗan dunƙulen siminti, ya sayar ko ya yi musaya da aboki. Reshen ya kama, ya yi girma, a sake ɓallarsa. Manoman citta da ke cikin ɗakin nan sun riga sun gane inda na dosa. Citta ma ba da ƙwaya ake shuka ta ba, saiwar bara ake ɓantara a binne. Duk abin da ake yaɗawa da ɓalli, abin da ke jikin uwa yana bin ɗa, lafiya ko cuta. Kusan duk ƙwarin da ke addabar masu murjani ta wannan ƙofa suke shiga, kuma mai tankin da kuɗinsa ya saye su.

Na farko, kuma wanda ya fi fitar musu da furfura, shi ne aiftasiya. Wata 'yar halitta ce mai kama da fure, ruwan ƙasa-ƙasa, jikinta shara-shara, dangin murjanin ce ma ta nesa. Takan zo maƙale a ramin dutse ko ƙarƙashin dunƙulen siminti, ƙarama ƙwarai. Sabon shiga in ya gan ta murna yake yi, wai ya samu gyara. Hannuwanta suna da dafi, duk murjanin da ke kusa sai ta harbe shi ya ƙanƙance ya ba ta wuri. Da mai tanki ya gane abokiyar gaba ce, abin da zuciya ke fara raya masa shi ne ya sa wuƙa ya kankare ta. A nan yake kashe kansa. Duk ɗan guntun naman da ya rage a dutse, ko ya bi ruwa ya sauka wani wuri, zai iya zama cikakkiyar sabuwa. Ita kanta in tana tafiya a kan dutse tana barin gutsattsarin ƙafarta a baya, kowanne ya tsiro. Ka kankare ɗaya yau, bayan wata guda ka ƙirga ashirin.

Sai aka koma dabara. Wasu suna dama layim, farar ƙasar nan da muke barbaɗawa a busasshen tafki, su zuba a sirinji su cika mata baki a hankali bayan sun kashe famfo. Yana aiki a kan wadda ido ya gani, ta bayan dutse kuwa tana nan tana hayayyafa. Kuma in aka yi da yawa a rana ɗaya, layim ɗin ya sauya ruwan ya taɓa murjanin da ake son ceta. Wasu suka ce a kawo mai cin ta. Akwai wani jatan lande mai jan zane da ke cinye ƙananan, sai dai yana da mai kama da shi da 'yan kasuwa ke sayarwa da sunansa, shi kuma murjanin yake ci. Akwai wani kifi mai dogon baki da ke tsince ta, amma wuyar sha'ani gare shi, da yawa sukan ƙi cin abincin tanki su rame su mutu. Gwanin cikinsu wata katantanwa ce marar ƙoƙo da ake kira bargiya, wadda ba ta cin komai a duniya sai aiftasiya. Za ta share tankin tas, sannan yunwa ta kashe ta, sai in mai ita ya tsince ta ya miƙa wa wani mai irin matsalar. Mu ma mun san irin wannan ciniki. Mai karfasa yakan jefa 'yan tarwada a tafki su rage masa yawan ƙananan da ke cinye abinci, kuma dabara ce mai kyau, amma in ya kuskure girman tarwadar, ita za ta yi girbin a madadinsa. Duk baƙon da ka gayyato ya kori baƙo, shi ma da nasa cikin ya zo.

Na biyu wata shimfiɗaɗɗiyar tsutsa ce mai cin akrofora, wadda sai a 2011 masana suka bayyana ta a rubuce suka ba ta suna, kuma daga tankunan masu kiwo aka samo samfurin. Ba ta wuce 'yan milimitoci ba. Tana cin naman murjanin ta haɗiye har da gansakukarsa, sai launin abin da ta ci ya bayyana a jikinta, ta saje da reshen. Kana kallonta ba ka ganinta. Abin da za ka gani shi ne 'yan tabo farare zagayayyu, da murjanin da ke dusashewa daga gindi. Akan tsoma reshen a ruwan magani na 'yan mintuna, a girgiza, tsutsotsin su zubo. Mutum ya ga gawarwaki a ƙasan kwano ya ce an gama. Ba a gama ba, domin ta riga ta manna ƙwai a gindin reshen, kuma maganin ba ya ratsa ɓawon ƙwan. A ruwa mai digiri 27 kimanin kwana 11 suke yi su ƙyanƙyashe. Dole a yi ta tsomawa kowane mako har wajen mako shida, don kowane sabon ƙyanƙyasa ya gamu da magani kafin ya kai munzalin yin nasa ƙwan. Ina roƙon ɗalibai su rubuta wannan: mai yaƙi da ƙwaro dole ya san kwana nawa ƙwansa ke yi. Rashin sanin wannan lissafi ne ke sa mu ce magani jabu ne, alhali mu muka tsaya a rabin hanya.

Na uku wasu jajayen ƙwari ne, rabin milimita, dangin ƙaguwa. An gano cewa maganin tsutsar zuciyar karnuka yana kashe su. Yana kashe su kuwa, tare da duk jatan lande da ƙaguwa da ƙananan halittun da ke share tankin suna ciyar da kifi. Haka maganin jan ƙarfe da ake yi wa kifi, ko kaɗan ya shiga tankin murjani ya gama da shi. Akwai ma wata jar tsutsa da in aka kashe ta da yawa lokaci guda, gubar da ke fita daga gawarwakinta ta fi ta ɓarna. Magani a rufaffen ruwa ba ya tambayar sunan wanda ya tarar.

Bari in ɗan ratse, saboda wannan ya shafi ran mutum. Wasu nau'o'in murjani masu taushi suna ɗauke da wata guba, falitoksin, tana cikin mafi ƙarfin gubar da aka sani a jikin halitta. A watan Maris na 2018, a wani ƙauye kusa da Okusfod a Ingila, aka kai mutum goma asibiti, mutanen gida da 'yan kwana-kwanan da suka je ceto, bayan mai gidan ya fito da dutse daga tanki ya kankare shi. An samu irin haka a Alaska. Mafi muni shi ne a zuba wa dutsen tafasasshen ruwa, tururin ya cika ɗaki. Su yanzu da safar hannu da tabarau suke aiki. Mu da muke dama sinadarai a bokiti da hannu tsirara, yara na tsaye suna kallo, sai mu yi wa kanmu faɗa.

Bayan duk wannan asara, abin da ƙwararrunsu suka tsaya a kai ba shi da wani armashi. Ƙaramin tanki na biyu ne, a gefe, ba ado, ba yashi. Duk abin da aka sayo, ko daga hannun amini ne, nan zai fara sauka. A yanke reshen daga tsohon dunƙulen simintin a jefar da dunƙulen, tunda a nan ƙwai ke ɓuya. A tsoma a magani, a ɗauraye, a duba da gilashin ƙara girma, a sake dubawa da tocila cikin dare lokacin da masu ɓarna ke fitowa. Ya yi makonni huɗu zuwa shida a nan. Wannan tanki da komarsa, da bokitinsa, da tiyonsa, ba a haɗa su da na babban. In kuma cutar farin ɗigo ta riga ta shiga babban tanki ta kama kifaye, sai a kwashe kifayen duka a yi musu magani a waje, a bar tankin ba kifi ko ɗaya har kwana 76. Dalili shi ne ƙwayar cutar takan saki kifi ta faɗa ƙasa ta rufe kanta da ɓawo, kuma an taɓa samun wadda ta kai kwana 72 kafin ta fashe. In 'ya'yan suka fito ba su tarar da kifi ba, cikin kwana ɗaya ko biyu sun mutu. Yunwa ce ke yin aikin da magani ya kasa.

To mu dawo gida. Yaya muke sayen 'ya'yan tarwada? Mota ta taso daga nesa da jarkoki, an yanke musu baki, kifi ya sha rana da girgiza. Mai saye ya leƙa, ya ga suna motsi, ya biya. Daga nan a juye jarkar, da kifin da ruwanta, kai tsaye cikin tafkin da wasu ke ciki. Ruwan wani wurin ƙyanƙyasa da ba ka taɓa gani ba ya zama ruwanka. Bayan kwana biyar ka ga suna rataye a saman ruwa, ko suna goga jiki a bango, ko gemu ya fara cinyewa, ko ciki ya kumbura. Sai a ruga kyamis a sayo kafso, a farke a zuba. Wannan ɗabi'a ta zuba maganin mutane da na kaji a tafki ba tare da an san cutar ba, ni a wurina ita ce mafi munin abin da muke yi. In ƙwaron fata ne ko lalacewar ruwa, kafso ba ya taɓa shi. Abin da yake yi shi ne koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, sannan ragowar ya bi naman kifin zuwa tukunyar wanda ya saya, wataƙila ma 'ya'yanka ne.

Abin da nake roƙo ba ya cin kuɗi sosai. Tankin tamfol ɗaya ko babbar roba, nesa kaɗan da sauran, na baƙi kawai. Sabon kifi ya yi mako biyu zuwa uku a ciki kana kallon cinsa da iyonsa. Ruwan jarka a zubar a busasshiyar ƙasa. Wankan gishiri yana taimaka wa kifin da ya sha hanya, amma a tambayi jami'in kifi ma'auni, a auna da sikeli, kada a yi da tafin hannu. Koma da taru kuwa, na san al'adarmu ta aro, kuma na san nauyin a ce wa maƙwabci a'a. Ba sai ka hana ba. In ta dawo, a wanke ta da ruwan gishiri mai kauri, a shanya a rana ta bushe ƙayau kafin ta sake taɓa ruwanka. Masu sayen kifi da ke yawo gona zuwa gona da bahonsu da komarsu, su ma a tare su a bakin ƙofa, a kai musu kifin can. Bayan girbi kada a yi gaggawar cikawa. A bar tafkin ƙasa ya bushe har ya tsage, a sa layim, don matsattsaku da ƙwarƙwatar kifi da ƙwansu su rasa mai ɗaukarsu. Kwanakin da kake gani kamar asara, su ne kwana 76 ɗinmu.

Citta kuwa ku ne malamaina, ba zan koya muku noma ba. Amma duk wanda ke nan ya ga damunar 2023, yadda ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa, daga Kachia da Kagarko da Jaba har nan Jema'a. Wasu bashi suka ci suka shuka. Da shekara ta zagayo iri ya yi wuya ya yi tsada, kuma lokacin da iri ya yi wuya ne mutum ke saye daga duk inda ya samu, ba tambaya. Cututtukan da ke ruɓar da citta suna tafiya a cikin iri, da ƙasar da ta manne a fartanya da takalmi, da ruwan da ke gangarowa daga gona zuwa gona. Saiwa tana iya yin kyau a ido alhali tana ɗauke da su, kamar dai reshen nan mai ƙwai a gindi. Da mai murjani ne ya gaji gonar citta, sabon irin da bai san asalinsa ba a wani ɗan fili daban zai fara sa shi, ta gangare, inda ruwansa ba zai bi ta kan sauran ba. Gonar da ta ruɓe kuma zai hutar da ita daga citta na wasu shekaru, ya sa mata masara ko dawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa sau da yawa ta ƙofa muke shigo da shi a cikin buhu.

Saura abin da ke fita, domin ƙofa biyu ce. A 1984 aka ga wata ciyawar ado ta tankunan ruwan gishiri, kaulerfa, a teku daidai ƙarƙashin gidan adana halittun teku na Monako. Faɗinta bai wuce murabba'in mita ɗaya ba. Aka tsaya gardamar daga ina ta fito da wanda ya kamata ya cire ta. Zuwa ƙarshen 2000 ta rufe kimanin hekta 13,000 a gaɓar ƙasashe shida. A wannan shekarar aka gan ta a Kalifoniya, su kuwa ba su tsaya gardama ba, suka lulluɓe ta da tamfol suka sa mata kulorin, a 2006 aka tabbatar an gama da ita. Wani kifin ado mai ƙayoyin dafi, ɗan asalin tekunan Indiya da Fasifik, an fara ganinsa a gabar Fulorida a 1985, yau ya cika tekun Karibiyan yana cinye ƙananan kifaye. Ba sai mun je nesa ba ma: ciyawar nan mai shuɗin fure da ke toshe hanyar jiragen ruwa a Legas, 'yar Kudancin Amurka ce da aka yaɗa a duniya don ado, a 1984 ta shigo ruwayenmu ta wajen Badagiri.

A nan garin, magudanar tafkinka rafi take faɗawa, kuma a ƙasa da kai akwai mai tafki, akwai mai lambu, akwai mata masu ɗiban ruwa. Wanda kifinsa ya fara mutuwa, abin da ya saba yi shi ne ya buɗe magudana cikin dare ya yi shiru, don kada a ce gonarsa ta kamu masu saye su gudu. Ina roƙon ƙungiyar masu kiwon kifi ta mai da wannan abin kunya, ta mai da faɗa da wuri abin yabo. Mataccen kifi a haƙa rami a binne da layim, kada a jefa wa na cikin tafki ko a wurga a rafi. Ruwan tafkin da ya kamu a sake shi a fili ya tsotse.

Ga ɗalibai da malamansu, in sha'awar tankin gilashi ta kama ku, ba sai kun nemi teku ba. Daga Legas ana fitar da kifayen ado na ruwan daɗi zuwa Turai da Amurka, kuma daga kogunanmu ake kamo su. Akwai wani ɗan kifi mai ɗigon ja da shuɗi, bai kai tsawon yatsa ba, wanda masu kiwo a can ke rarrabe irinsa da sunayen wuraren da aka samo shi: Lafiya, Makurɗi, Filaton Jos. Sunayen maƙwabtanmu ne a jikin tankunan Jamus, mu kuma muna tsallake irin waɗannan ƙoramu ba mu leƙa ba. Tanki mai lita 60, yashin rafi da aka wanke, 'yan tsirran ruwa, da ƙaramin famfon iska da batirin sola zai riƙe, ya isa ajin kimiyya. Kurungu ƙarami ma yana zama, sai dai a ba shi wurin ɓuya. A ajiye shi inda rana ba ta bugunsa kai tsaye, a sa ɗalibi guda ya riƙa rubuta ranar da kowane kifi ya shigo da inda aka kamo shi, kuma a yi masa murfi, domin ɗan kifin nan mai ɗigo tsalle gare shi.